Baƙuwar da Ta Yi Kumfa

Na'urar ta ƙanena ce. Yana cikin waɗanda suka ruga Jado a 2014, lokacin da aka ce zinariya a saman rairayi take, ya dawo bayan gwamnati ta rufe wurin a 2017 da tari, da bashi, da wannan Minelab mai faifai a ƙasa da abin sawa a kunne. Makon jiya da aka ba mu hutun lakwal na saɓe ta na nufi wani kufai gabas da Takieta, wajen hanyar Tirmini. Ta yi kuka a kan gwangwanin tumatir, ta yi a kan ƙusa, ta yi a kan dala biyar. Can sai ta canza murya. Na tono wani dunƙulallen abu a lotse, mai nauyi, baƙi-baƙi kore-kore. A gida na dirje shi da toka da lemun tsami, ya fito ruwan ɗorawa yana ƙyalli. Na ɓalle maganaɗisu daga tsohuwar rediyo na kara, bai kama ba. Shi ke nan, na yanke hukunci. Ban tsaya tuna cewa maganaɗisu ba ya kama tagulla, ba ya kama dalma, ba ya kama azurfa, kai ko rogo ba ya kamawa.

Mai ɗakina kaɗai na gaya wa, don haka kafin azahar tasha ta sani.

A tashar ne, ina neman motar Damagaram don a gwada abin, wani dattijo mai sayar da goro ya ja ni gefe. "Mushe, ka kira sunanta?" Na ce sunan wa? Ya rufe mini baki da hannu mai warin goro. "Baƙuwa za ka riƙa cewa. Masu ita suna ji." A lissafinsa, dukiyar fadar Damagaram ce. Sarki Tanimu da ya sa aka zuba igwa a Birni, ai ba talaka ba ne. Kuma da Faransawa suka gwabza da Amadu Kuran Daga a Tirmini a 1899, wa ya san abin da masu gudu suka binne? Tarihinsa daidai ne har inda ya ƙare, daga nan ya shiga ilimin gwaji. A kwanar da baƙuwa cikin nono: in ya wayi gari da tsami, ita ce. Na ce Baba, nono ai ko ba baƙuwa yana tsami. Ya ce to ka gani. A nuna wa baƙin zakara: in ya kau da kai, ita ce. A naɗe ta a farin ƙyalle, kuma kada ta ƙetare ruwa mai gudu. Tsakanin Takieta da Damagaram, kilomita hamsin, da rani. Na yi masa alkawarin kiyayewa. Ya rufe faifan goronsa ya shiga motarmu, ya ce amana ba a barinta a rabin hanya. Ni na biya.

Na kuma ɗauki surukina, don dukiya tana son shaidar babba. Mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ni ne a mota na sunkuya na ce, "Baba, ku fara shirin fasfo. Bana in Allah ya so, da ku za a tsaya Arfa." Ya ce Allah ya yi albarka. Wata mata a bayanmu ta yi guɗa.

Maƙerin farfarun da aka kwatanta mana a Zango bai ko gyara zama ba. Ya juya abin, ya auna a tafin hannu, ya ce, "Haka ka tono shi?" Na ce a'a, sai da na wanke da toka da lemun tsami, da kore ne. Ya dube ni. "Zinariya ko shekara dubu ta yi a ƙasa, da launinta take fitowa." Mai goro ya ce a hankali, "Baƙuwa." Maƙeri ya sa magagari ya gurza gefe ɗaya, ya goga a baƙin dutse ya bar zane, ya ɗauko 'yar kwalba mai asid. Ya bayyana, a muryar wanda ya gaji da bayyanawa, cewa in zinariya ce zanen zai tsaya, ɗigon kuma zai zauna shiru a jikinta. Ya ɗiga a dutse, zane ya ɓace. Na ce ko dutsen ne. Sai ya ɗiga a inda ya gurza.

Ɗigo ɗaya. Ya zauna, ya yi shiru na tsawon numfashi guda, kuma a cikin numfashin nan na sayi fili a Yamai, na yi wa innarmu rufin kwano, na ajiye alli har abada. Sai ya ce tsss. Ya tafaso, ya yi kumfa kore shar kamar miyar kuka a kan wuta, wani hayaƙi ja-ja ya tashi. Tun ranar nake sake kallon wurin nan. Ina ganin hular surukina tana sunkuyowa a hankali don ya gani da kyau, domin ya zaci kumfar ita ce albishir. Ina jin muryarsa: "Masha Allah, ta amsa." Ba wanda ya tanka. Mai zuga-zugi ya daina zuga. Ni kuwa bakina ya ci gaba da murmushin da ya fara tun a tasha, na rasa yadda ake sauke shi. Na sake kallo: hula tana sunkuyowa, kumfa tana hawa, "ta amsa". Ko a salla sai na ji tsss.

Na yi ƙoƙarin ceto abin da ya rage. Na ce to ko tagullar ma ai ta tarihi ce, wataƙila ɓallin igwar Tanimu, ko guntun likkafar wani barde. Yaron maƙera, wanda bai wuce ɗalibaina ba, ya karɓa, ya sa ƙusa ya ƙwaƙule busasshiyar lakar da ke tsakiya, ya hura. Iska ta fita ta ɗaya gefen da ɗan fito. Ya leƙa, ya nuna mini zaren murɗi a ciki. "Kan famfo ne, Mushe. Mota ta taka shi." Ya ƙara da cewa da ma na auna shi a sikeli na tsoma a ruwa: zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, tagulla sau 8 da rabi kacal. Na san wannan. Ni nake rubuta shi a allo.

Mai goro bai girgiza ba ko kaɗan. Ya tauna, ya tofar, ya ce tun a hanya ya ji a jikinsa. "Wa ya ce zinariya a rumfar nan?" Maƙeri ya ce shi ne. "To! Sun ji, sun juya ta." Na ce Baba, har da zaren murɗi? Ya ce, "Kai kana wasa da aikin mutanen ɓoye." Shawararsa ita ce a mayar da ita raminta da dare, a zuba nono, a jira shekara bakwai ba a waiwaya ba, za ta koma yadda take. In ba ta koma ba, wani ya waiwaya.

Surukina ya miƙe, ya kakkaɓe riga, bai dube ni ba. Ya tambayi maƙeri ko abin zai gyaru, don famfon masallacinsu yana yoyo. Maƙeri ya ce ba zai gyaru ba, amma in an tara irinsa kilo guda yana saye. Mai goro ya taɓa ni a gwiwar hannu, ya ce kuɗin motar komawa fa, da na goron da bai sayar ba yau.