Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamfutocin Makarantarmu

Zuwa ga kwamfutoci 24 mazauna ɗakin ƙarshe, kusa da sito.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun sha hutu lafiya a ƙarƙashin tsofaffin labulayen da aka lulluɓe ku da su. Gaisuwa ta musamman ga Uwargida ta bakin ƙofa, wadda ta riga ni zuwa makarantar nan, sannan sauranku bisa girma da shekaru. Ni ne malamin da kuka yi kwana tara kuna gani da tsumma a kafaɗa da sukundireba a aljihu. Dalilin wannan takarda shi ne ranar Litinin ɗalibai za su dawo, kuma a zangon nan an ɗora mini koya musu buga rubutu da tsara shi a Microsoft Word. Ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa na ga gara mu fahimci juna tun yanzu.

Mu fara da kiran suna. A takardar sito ku 24 ne. Da na bi ku ɗaya bayan ɗaya ina danna maɓalli, 17 suka amsa. Uku sun yi shiru irin na amarya a gaban surukai. Biyu sun yi tit-tit-tit suka koma barci, sai da na zare ƙwaƙwalwarsu, na goge haƙoranta na tagulla da magogin fensir, na mayar, sannan suka farfaɗo. Ɗaya ɓera ne ya yi kalaci da wayarta, na sayo mata wata. Ta ƙarshe kuwa da na buɗe cikinta na tarar zanzaro ya gina gida mai ɗaki uku a jikin fanka, har da iyali. Yanzu dai 20 ke numfashi, ɗalibai kuma 60 ne. Lissafin bai da wuya: kowacce za ta ɗauki yara uku, ɗaya na bugawa, ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na ba da shawarar da ba a nema ba.

Uwargida, ranki ya daɗe, da ke nake yanzu. Kullum aka kunna ki sai ki rantse yau 1 ga Janairu 2009. Ban ga laifinki ba, ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, shi ne ke riƙe miki lokaci in an kashe wuta, kuma ya daɗe da mutuwa. Na sa miki sabo. Abin da na kasa gyarawa shi ne zumuncin da ke tsakaninki da kishiyoyinki. Ke kina kan Windows XP, wadda ta fito a 2001 aka daina kula da ita a 2014, kina kuma riƙe da Word na 2003. Su kuwa daga na 2007 ne zuwa sama, lokacin da aka sauya fuskar manhajar baki ɗaya aka kuma kawo fayil mai wutsiyar docx. In na ce wa aji “ku danna nan”, yaran da ke gabanki sai su nemi nan ɗin su rasa. In kishiya ta aiko miki da takarda, ki ce ba ki iya karanta rubutun yaran zamani ba. Saboda girmanki na umarci sauran su riƙa ajiye aikin aji a tsohon tsari mai wutsiyar doc. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Sai maganar takarda. Na lura dukkanku kun zo da shafi irin na Amurka, mai inci 8.5 a faɗi da 11 a tsawo. Mu nan takardar da ake sayarwa a kasuwa A4 ce, milimita 210 da 297, ta fi waccan tsawo, ba ta kai ta faɗi ba. Abin da ya sa ke nan bara firinta ta riƙa tsayawa tana ƙyafta jan ido, mu kuma muna zarginta da taurin kai. Na bi ku duka na mayar da ku A4, na juya ma'auni zuwa santimita, na kuma sa ya zauna a matsayin na dindindin. Don Allah kada wadda ta koma gidan jiya.

To, ga babbar maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Makon jiya na zauna gaban ta 5 na rubuta wa shugaban makaranta ƙorafi a kan hunturu. Abin da nake nufi shi ne ƙura ta cika ɗakin kwamfuta, a taimaka mana da labule. Abin da ya isa teburinsa shi ne kura ta cika dakin. Ya aiko masinja a guje yana tambaya ko guda nawa ne, kuma ko an sanar da mafarauta. Kun ga abin da rashin ƙugiya ke jawowa. A wurinku baƙi da baki duk ɗaya ne, ƙasa da kasa ba bambanci, wanda ya ɓata da wanda ya ba ta kuwa sai Allah. Na duba allon madannanku na ga Q zaune a sahun gaba, ga X, ga V, ga P, baƙin da ba su da aikin yi a gidan Hausa, alhali ƙ da ɗ da ɓ, 'yan gida, suna tsaye a waje. Na san gado kuka yi: jerin nan ya samo asali ne daga keken rubutun Christopher Sholes da kamfanin Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874, kuma mutumin bai taɓa shan fura ba. Amma ku tuna tun 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Harshen da ya yi jarida tun kafin a haifi kakanninku bai kamata ya tsaya roƙon kujera ba.

Abin haushin ma, kun san haruffan nan sarai, ɓoyewa kuke yi. In mutum ya rubuta 0199 ya danna Alt da X tare, sai ga ƙ ta fito tana murmushi. Haka 0257 ke haifar da ɗ, 0253 ta haifi ɓ, 01B4 kuma ta kawo ƴ da 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke rubutawa. To wane yaro ne zai haddace lambar waya kafin ya rubuta “ƙafa”? Saboda haka na ɗaura wa kowane harafi gajeriyar hanya a madannai, na rubuta a kwali na manna a bango. Na kuma zaɓi salon rubutun da ya san su, domin wasu tsofaffin salo in suka ga ƙ sai su ajiye ɗan akwati fanko a gurbinta, kamar an yi mata kabari.

Sannan jan layin nan. Na buga sunayen 'yan aji don gwaji, kuka bi su ɗaya bayan ɗaya kuna ja musu jan layi a ƙasa, shafi ya koma kamar mahauta. Ni da na yi shekaru ina riƙe da jan biro na san abin da yake faɗa wa yaro. Yarinyar da ta fara taɓa kwamfuta a rayuwarta, ta lallaɓa da yatsa ɗaya ta rubuta sunanta da na garinsu, ba za ta tashi da labarin cewa duka biyun kuskure ne ba. Na kashe muku duba ƙa'idar Turanci a darasin Hausa. In mun zo darasin Turanci zan mayar muku da jan bironku, ku yi ta gyara har ku gaji.

Saura gargaɗi biyu. Na farko, filas. Yara za su zo da su daga shagunan buga takardu, ɗauke da cutar nan mai ɓoye fayil ta bar inuwarsa. Na yi muku rigakafi, na kuma hana ku buɗe baƙo da kanku, ku dai ku rage kwaɗayi. Na biyu, wuta. Ba ku ke ɗauke ta ba, na sani, kuma janareta sai an ga mai. Shi ya sa darasin farko ba ƙawata rubutu ba ne, Ctrl da S ne. Zan sa su danna shi bayan kowane sakin layi har ya zame musu kamar bismillah kafin loma. Na buɗe wa kowane yaro folda da sunansa, ku riƙe amana.

Yaran nan da za su shigo sun iya waya da babban yatsa kamar walƙiya, amma yawancinsu ba su taɓa ɗora yatsu goma a kan madannai ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma a gabanku ne za su fara cire tsoro. Za su nemo ɗan tudun da ke kan F da J su ajiye manuniya. Za su danna Caps Lock su manta. Wani zai ɗaga linzami sama yana nuna ku da shi kamar rimot. Ku yi haƙuri da su yadda na yi haƙuri da zanzaronku.

Ranar Litinin da ƙarfe 8 zan sa kowa ya rubuta jimla ɗaya: “Ƙura ta lafa, ɗalibai sun dawo.” Shugaban makaranta ya ce zai leƙo ya gani da idonsa. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku sake sakar masa kura.

Haza wassalam.

Naku mai share muku ƙura,
Malamin kwamfuta