Wasiƙa Daga Laifzig Game da Memorin Taubashi

Wannan wasiƙa ta fito daga hannun ɗan ƙanwar Kawu, mazaunin birnin Laifzig na ƙasar Jamus, zuwa ga Kawu a Nguru, tare da roƙon a ajiye ta sai ranar da taubashi ya zo daga Gashuwa a karanta a gabansa, domin rabin maganar tasa ce. Dalilin rubuta ta kuwa shi ne iƙirarin da taubashin ya aiko ta WhatsApp, cewa wai ya mallaki waƙoƙin Alhaji Mamman Shata kaf a cikin memori guda, iƙirarin da bai kamata a bar shi ya kwana ba tare da an yi masa binciken malamai ba.

Kafin a yanke wa taubashi hukunci, ya dace a dubi yadda mutanen Laifzig suka yi da nasu makaɗin, Johann Sebastian Bach, wanda aka haifa a 1685, ya riƙe shugabancin mawaƙan cocin Tomas na Laifzig daga 1723 har rasuwarsa a 1750, kuma ake ɗaukarsa jigon zamanin Barok, wato salon kiɗan Turai mai yawan ado da saƙar muryoyi da ya yi tashe daga wajen 1600 zuwa 1750. Yana saurayi, a 1705, ya taka a ƙasa kimanin kilomita 400 zuwa Lubek don ya saurari wani gwanin ogan, ƙaton abin kiɗan nan mai ɗaruruwan bututu da iska ke busawa, tafiyar da ta zarce tsawon layin dogo daga Kano zuwa Nguru nesa ba kusa ba, alhali taubashi kan hau acaɓa daga ƙofar gida zuwa teburin mai shayi. Bach ya haifi 'ya'ya 20 da mata biyu, ta biyun bayan rasuwar ta farko, kuma Kawu, da ya san nauyin cefane, zai gane dalilin da ya sa mutumin bai zauna ba.

Abin lura shi ne cewa bayan mutuwarsa takardunsa sun watse a hannun 'ya'ya da almajirai, sai da aka shekara ɗari cif, a 1850, sannan aka kafa ƙungiya a Laifzig don tattara su da buga su, aikin da ya ci kusan shekara 50. A 1950 wani masanin ɗakin karatu mai suna Wolfgang Schmieder ya ba kowane aiki lamba, tsarin da ake kira BWV, wanda a yau ya haura lamba 1,100, ta yadda mai saye a Tokiyo da mai sayarwa a Balin za su ambaci lamba ɗaya su fahimci juna ba gardama. A kan wannan jerin ne kamfanonin Deutsche Grammophon da Decca suka fitar da tarin Bach 333 a 2018, faifan CD 222, sauti na kimanin awa 280, wanda idan aka matse shi a tsarin MP3, wato rage nauyin sauti don ya ci wuri kaɗan, memori mai giga 32 da bai fi farcen yatsa ba zai ɗauke shi. Mai wannan wasiƙa ya mallaki irin wannan tari, ya kuma fifita shi a kan sauraro ta Spotify, domin wancan haya ce da ke ƙarewa ranar da kuɗin wata ya ƙare. Kada kuma hankalin Kawu ya tashi da jin zancen coci, sha'awar ta gwanintar kiɗa ce, kuma kaso mai yawa na aikin zallar kiɗa ne ba kalma ko ɗaya. Sauraron tarin a jere zai ci kwana 11 da awa 16 ba barci, jarrabawar da taubashi ba zai ci ba, tunda an san shi da gyangyaɗi tun kafin a gama labaran ƙarfe takwas.

Duk da wannan ɗawainiya, masanan nan ba su taɓa cewa sun kammala ba. Tarihin da aka rubuta bayan rasuwar Bach ya ce ya tsara kantata, wato waƙar ibada ta mawaƙa da makaɗa, na zagayen shekara har biyar, amma kimanin 200 ne suka tsira, kuma a 2005 wani mai bincike, Michael Maul, ya tsinci wata waƙarsa da ba wanda ya san da ita a cikin tsofaffin takardu a garin Waima.

To, a dawo kan memorin Gashuwa. Kowa ya san rumfar mai turi a bakin tasha, da kwamfutarsa mai ƙura, da jerin wayoyin caji a kan katako, da yadda yake cika wa mutum memori a kuɗi kaɗan, sana'ar da ta dace da garin da data ke da tsada kuma wuta ba ta da tabbas. Sai dai wanda ya buɗe jerin da taubashi ya turo zai tarar da waƙa guda ta fito sau uku da suna uku, wata ta katse a tsakiyar amshi, wata muryar mai gabatar da shirin rediyo ta hau kanta, wata kuma ta Ɗanƙwairo ce aka liƙa mata sunan Shata, abin da ya isa a ci mai memorin tarar goro.

Amma laifin ba na taubashi ba ne shi kaɗai, kuma nan ne maganar ta fi damun mai wasiƙa. Bach da alƙalami ya yi aiki, shi kuwa Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, a fili yake ƙirƙirar waƙa, makaɗan kalangu da 'yan amshi na biye da shi, har ya zama waƙarsa ta Bakandamiya ma ba ta fita iri ɗaya sau biyu, domin kowane dandali da abin da yake ƙara mata. Saboda haka kammalallen tarin Shata yana nufin kowane ɗauka da ranarsa da garinsa da wanda aka yi wa, daga faifan garmaho zuwa ma'ajiyar Rediyon Kaduna zuwa kaset ɗin biki da wani ya ɗauka da rikodarsa. Littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya share hanya, sai dai kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, dattawan da za su ji ɗauka su faɗi inda aka yi shi kuma suna ta raguwa. Nguru, wadda ta zama ƙarshen layin dogo tun 1930 ta tara fataken gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu, ba za a rasa irin waɗannan kaset a adakokin tsofaffin gidajenta ba. Gashuwa ma ta ga irin wannan aiki da idonta, lokacin da Farfesa Russell Schuh da masana 'yan ƙasa suka fitar da ƙamus na harshen Bade a 2004, kuma yanzu tana da jami'ar tarayya tun 2013, mai ɗaliban da za su iya yi wa makaɗan fadar Bade da na Mangawa abin da Schmieder ya yi wa Bach.

Don haka ana roƙon Kawu ya sa a buɗe adakar da ke ɗakin soro, a fito da kaset ɗin da ke ciki a ajiye su nesa da rana, kada yara su zare zarensu. Shi kuma taubashi, a sanar da shi cewa an shirya yafe masa kuɗin shara, wato hakkin da ɗan namiji kan ba ɗan mace a watan Cika-ciki, wanda ya taru a kansa tun barin mai wasiƙa gida, bisa sharaɗin ya sayi littafi mai layi, ya zauna gaban Kawu su saurari memorin waƙa bayan waƙa, ya rubuta wa kowace lamba da suna da abin da Kawu ya tuna game da ita, sannan ya kwafi memorin gida biyu ya bar ɗaya a Nguru. Idan ya ƙi, bashin na nan, kuma da kuɗin Yuro za a lissafa shi. Haza wasalam.