Madalla da Sabon Amfanin Gonarmu

Duk wanda bai yaba wa Gwarzo da Kabo ba, hassada ce ke cinsa. A zamanin dalar gyada, buhuna kakanninmu suke lodawa a mota zuwa Kano, har cutar da ta afka wa gyada a 1975 ta karya harkar. Mu kuwa Allah ya musanya mana da amfanin da ba ya tsoron fari, ba ya neman taki: samari. Da an kai gero rumbu, sai tirela ta tsaya a bakin titin Kano zuwa Dayi, majiya ƙarfi su ɗare saman kaya, kowa da ɗan ƙunshinsa da bargo. Sai Legas, sai Fatakwal, sai Abuja. Wace ƙasa ce ke fitar da kaya haka ba fashi?

A dubi kuma tausayinmu ga ruwa. Ga madatsar Guzuguzu, ga ta Magaga, ruwa kwance shekara da shekaru, mun bar mafi yawansa yana hutawa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, injin ban-ruwa ma ya samu nasa hutun, don ƙaramin manomi bai isa ya ciyar da shi ba. Albarkar wannan tsari, yaron da ya tashi a bakin dam yanzu yana tura kurar ruwa a Mararaba, jarka goma sha biyu, yana kiran mai saye. Ka ga ilimin gado bai ɓata ba.

Gari ya samu lafiya. Da rani ba hayaniya a majalisa, sai tarin dattawa. Mai shayi yana kashe wuta da wuri, ya samu barci isasshe. Tela ya huta da cika alkawari. Layi ɗaya ya rage, na gaban mai POS, inda iyaye mata ke zaune da katin ciro kuɗi ƙulle a bakin zane, suna tambaya, “Ɗan nan, duba mini, ya turo?” Amare ma an sauƙaƙa musu: wata ɗaya da miji, wata bakwai da waya.

Manya kuwa ba mu rasa ba. Gwarzo kaɗai ta ba Kano mataimakan gwamna biyu, a 2007 da 2023, ban da sanata da minista. Su kuwa masu neman ƙuri'a, Allah ya saka musu, ba sa mantawa da mu: kowace shekara huɗu ga taliya, ga atamfa, har da kuɗin motar da 'yan ci-rani za su dawo su dangwala su koma.

Roƙonmu ɗaya ne ga hukuma. Kada a wahalar da kai wajen gina mana masana'anta ko haƙa hanyoyin ruwa. A faɗaɗa mana tasha kawai, don ƙannen waɗanda suka tafi sun kusa gama sakandare.