Roba-robar Baba Ta Zaga Kudu

Duk wanda ya zauna a ƙasar Ibo ya san in ana maganar babur, Nnewi ce uwa. Daga kasuwar Nkwo ake kwasar mashin a kwali, da kayan gyaransa, a watsa su ƙasa baki ɗaya. Amma manyan garuruwan da ke kewaye ba sa ƙaunar ganinsa a titi. Fatakwal ta kori 'yan acaɓa tun zamanin Gwamna Rotimi Amaechi, Inugu ta bi sahu a 2012, Anacha da Awka kuma a 2018. Doka dai acaɓa ta ambata, sai dai Bahaushe in ya hau babur a Kudu, ko da alkyabba da rawani ya fito, sunansa ɗan acaɓa. Saboda haka mu nan saye muke yi mu aika gida, kuma aikawar ita ce aikin.

Ni albasa nake sayarwa a Anacha. Surukina, wanda nake kira Baba, yana wani ƙauye a bayan Funtuwa, kuma gwiwa ta fara yi masa gardama wajen zuwa masallacin Juma'a. Bai taɓa cewa in saya masa komai ba. Abin da yake yi kawai, duk lokacin da muka yi waya sai ya ba ni labarin mijin ƙanwar matata, yaron kirki, wanda ya kawo masa rediyo mai sola. Na fahimci karatun. Na shiga Nnewi na ɗauko roba-roba fara sol, aka haɗa min ita, aka ba ni rasit da lambar inji da ta bodi, na sa ta a bayan a-kori-kura zuwa bakin gada.

Wanda bai san bakin gadar Anacha ba, nan ne Arewa ke sauke kayanta. Tsohuwar gadar Neja, wadda aka gama a 1965, ta ga shanu da albasa da wake da tumatur iya ganinta, kuma motar da ta sauke ba ta son komawa da ciki fayau. Wani ɗan kamasho ya haɗa ni da direban wata daf, mutum mai tumbi da carbi. Na ce, "Maigida, Funtuwa za ka?" Ya ce, "Da yardar Allah." Mutumin bai yi min ƙarya ba. Ban da dai cewa bai faɗi ta ina ba.

Kafin a ɗora babur, malamai uku suka bayyana, kowa da mazhabarsa. Mai shayi ya ce a kwantar da ita a kan buhu. Mai wankin takalmi ya ce a kafe ta kan jak ɗinta a ɗaure wuya. Sai wani dattijo ɗan dako, mutumin Sakkwato, da ake kira Baba Tsoho, ya tofar da goro ya ce duk su matsa.

Na ga aiki a ranar. Ya fara zuƙe fetur ɗin tanki da tiyo, ya rufe makunnin mai, ya kwance madubai biyu ya naɗe su a tsumma ya miƙo min. Aka jingina katako mai kauri a bayan mota, mutum biyu a sama suna ja, biyu a ƙasa suna turawa, inji a kashe. Ya ce wanda duk ya hau katakon nan da wuta a jikin mashin, a tanadi mai ɗori tukuna. A ciki ya manna tayar gaba da bangon mota, ya sa giya, ya ɗaure hannun birki da roba. Jak kuwa ya ɗage shi, ya ce a ramin farko zai karye ko ya huda katakon ƙasa. Sannan igiya huɗu, biyu gaba biyu baya, kowace ta ja nata ɓangaren, yaro ya danna kan babur har shokazoba ta nutse rabi, aka ƙulle a haka. Tsofaffin tayoyi a kowane gefe. Da ya gama ya kama ta ya girgiza, sai motar ce ta motsa, babur ko gezau.

"Ɗana," in ji shi, "bayan tafiya kaɗan ka sauka ka ƙara jan igiya, sabuwa ce, za ta saki. Kuma kada ka bari kowa ya taimake ka."

Na ɗauka rabin maganar na ƙarshe tsufa ne kawai.

Muka bi ta Awka, muka wuce garken Ugwuoba, muka iso Nayin Mayil, mararrabar da duk mai zuwa Arewa yake karya kan mota hagu. Direba ya miƙe. Na ce, "Maigida, hanyar gida fa?" Ya ce akwai 'yan kwalaye da zai ajiye a Inugu. Muka gangara Ugwu Onyeama ina salati ina leƙen baya, babur tana tsaye ƙyam. A Inugu muka kwana wajen 'yan'uwa a Garki, inda wani tsoho ya tsare ni da tarihin Malam Umaru Altine, Bafulatanin da ya zama magajin garin Inugu na farko. Labari mai daɗi, amma sau uku ya maimaita shi, kuma kowane karo shanun Altine ƙaruwa suke yi.

Da asuba na ga rana tana fitowa ta hannun hagu. Ko ban yi boko mai zurfi ba, na san mai zuwa Funtuwa ba ya ganin haka. Muka wuce kasuwar shanu ta Lokpanta, muka wuce Umuahia da Aba. A nan ne direba ya tuna bai gaya min ba, lodin manja yana jiransa a Oyigbo, bakin Fatakwal. Ya ce, "Malam, ai duk hanya ce." A kowane shinge kuwa sai an haska babur, an haska ni, an nemi rasit. Wani ya karanta lambar inji har sau biyu, takardar a kife, sannan ya ce lambar ta yi daidai amma fuskata ba ta yi ba. Sai da na gyara fuskar da 'yar canji.

A Oyigbo muka tarar da layi, ga Litinin ta kawo kai, ranar da a wancan lokacin, tun daga 2021, direba mai hankali ba ya ratsa ƙasar Ibo. Muka zauna. Na samu tuwon shinkafa da miyar kuka wajen wata 'yar Zariya, na yi wanka, na tafi sallah. Ban fi rabin awa ba.

Da na dawo mota ta cika maƙil da jarkoki, an ja tamfol. Yaron mota, Ɗanliti, ya tare ni da fara'a. "Yaya, mun taimaka maka. Mashin ɗinka ta tare wuri, mun mayar da ita sama. Kwance take, tana hutawa." Na tambayi igiyoyina. Biyu sun tafi ɗaurin tamfol, ɗaya an shanya wandon direba, ta huɗu kuma tana wuyan wani bunsuru da za a kai wa wani Alhaji a Lafiya. Na ce a sauke a sake ɗauri. 'Yan lodi suka faɗi kuɗin saukewa, na lissafa, na ga ya kusa kuɗin tayoyi biyu da sarƙa. Na ce Allah ya tsare.

Daga Obollo-Afor zuwa Otukpo akwai ramukan da in mota ta faɗa sai ka ji haƙoranka sun gaisa. Kowane rami ina jin ƙarar ƙarfe a sama, bunsuru yana amsawa. Kafin Makurɗi ƙafar birki ta huda jarka ɗaya, rana ta narkar da man, babur ta kwanta a ciki kamar tsoma a miyar taushe. Baƙin mai ya gangara inda bai kamata ba, ruwan batir ya bi ta kan fenti, bunsuru kuma ya cinye rabin ledar kujera kafin a sauke shi. Direba ya ce kuɗin jarkar a kaina yake, tunda mashin ɗina ce ta kai hari.

A Funtuwa bakanike ya kwance falogi ya wanke kafireto, ya yi ta buga kik har ya jiƙe, sannan ta tashi da hayaƙi mai ƙanshin ƙosai. Madubai kaɗai suka iso da farinsu. Baba ya zagaya ta a hankali, ya shafa, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Madalla. Ja ma launi ne."

Ranar Juma'a ya saka farar shaddarsa ya hau. Soson kujera ashe ya sha man ya ƙoshi, kuma da rana ta take sai ya fara mayarwa. Matata ce ta kawo min saƙonsa bayan na koma Anacha. Ya ce yana godiya ƙwarai, Allah ya yi albarka, amma in zan sake aiko da manja in sa a jarka, don Hajiya ta gaji da matsar kujera.