Bencin da Ya Ɗauki Mutum Arba'in

Tun ranar da muka ajiye alƙalamin jarrabawar WAEC a wata makarantar kwana ta ƙasar Kazaure, cikin shekarar 1990, lokacin da Jigawa ba ta ma zo duniya ba, don sai a watan Agusta na 1991 aka yanke ta daga Kano, ban taɓa zaton zan ga ranar da ƙato mai furfura zai yi begen gabza ba. Ranar rabuwa dai an sha kuka, an yafi juna, an yi rantsuwa cewa sai mutuwa ka raba. Sa'an nan kowa ya ɗauki akwatinsa na ƙarfe, mutumin Babura ya nufi bakin iyakar Nijar, na Roni ya shige duwatsunsa, na Gwiwa ya yi wajen ƙasar Katsina, aka shekara talatin ba wanda ya aika wa ɗan'uwansa ko da gaisuwar baki.

Kwatsam sai ga WhatsApp, zumuncin da magabata suka ce a ƙafa yake ya tattara ya koma babban yatsa. Aka buɗe zauren tsofaffin ɗalibai, aka shiga godiya ba ƙaƙƙautawa. Wani bawan Allah, wanda da kunnena na ji yana ja wa siniyanmu Allah ya isa bayan an sa shi tsallen kwaɗo daga ɗakin kwana har masallaci, shi ne yau yake rubuta masa cewa wallahi bulalarsa ce ta maishe shi mutum. Miyar nan da mutum kan hangi fuskarsa a ciki, da waken da ƙwarinsa suka fi ƙwayarsa yawa, duk an yi ijma'i a kan cewa albarkarsu ta fi ta naman rago.

Amma al'amarin bai kai maƙura ba sai da Allah ya ɗaukaka ɗaya daga cikinmu, aka ba shi muƙami a Dutse. Shi wannan, in za a faɗi gaskiya saboda Allah, yaro ne shiru-shiru wanda har muka fita rabin aji ba su riƙe sunan mahaifinsa ba. Amma kafin la'asar ta ranar da aka yi sanarwa, na ƙidaya mutum arba'in cif waɗanda kowannensu ya shaida cewa benci ɗaya suka zauna da shi, alhali bencin ajinmu, in ya ɗauki uku, na ukun rabin jikinsa a iska yake. Ruwayoyi suka yawaita har suka kai matsayin mutawatiri, ko da yake in ka bi isnadin sai ka tarar kowane mai ruwaya daga kansa ya ji. Wani ya ce shi ya koya masa lissafi, mutumin da duk muka sani ƙwai yake ci a lissafi tun daga aji ɗaya. Wani ya ce kwano ɗaya suke jiƙa kwaki. Har da wanda ya riga mu fita da shekara biyu, shi ma ya tuna gwiwarsa tana gogar ta Ranka ya daɗe.

Na kan yi ƙiyasi a raina: in ƙaramar makarantarmu ta yi haka a kan muƙami guda, ina ga Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921 kafin daga baya ta zauna a Zariya, ta kuma yaye Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa? Lalle bencinansu tsawonsu ya kai daga Zariya zuwa Kano.

Ana cikin haka ma'aji ya sanar cewa wani ɗan ajinmu, malamin firamare a wani ƙauyen Gwiwa, yana kwance asibiti, a taimaka da naira dubu bibbiyu. Nan fa aka ga karamar sadarwa: wayoyin da ba sa barci suka rasa sabis a lokaci guda, daga Babura har Abuja. Addu'ar "Allah ya ba shi lafiya" ta zo sau ɗari da wani abu, don ita ba a cire mata caji. Kuɗi kuwa mutum biyar suka tura. Shi wannan majinyaci, in ba ku sani ba, shi ne haƙiƙanin wanda ya shekara uku a kan bencin nan tare da mai muƙami, kuma shi kaɗai ne bai taɓa faɗa ba.

Bara aka sauke mutumin namu, benci ya koma ɗaukar uku kamar yadda kafinta ya ƙera shi, ni ma na lallaɓa cikin dare na goge saƙon da na rubuta, domin ni ne na talatin da bakwai. Sai dai shekaranjiya na ji ƙishin-ƙishin cewa wani ɗan Roni da muka gama tare ya sami babbar kwangila, kuma tun jiya da asuba, cikin ikon Allah, na fara tuna cewa gadonsa ne a saman nawa.