Tattakin Masu Mota

A Minna yanzu, in kana son a san ka ƙoshi, ba sai ka sayi sabuwar mota ba. Wadda kake da ita za ka ajiye ka taka da ƙafa, amma da sharaɗin kowa ya san tana can inuwa, direba na gyangyaɗi a ciki. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, talakan Kpakungu da na Maitumbi ke dakan ƙasa safe da yamma, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa hoto. Sai da likita ya duba Alhaji ya ce suga ya hau, jini ya hau, tumbi ma ya riga su hawa, sannan tafiyar ƙafa ta samu shugaba da sakatare da ma'aji da riga mai tambari.

Irin wannan ƙungiya ce wani aminina ya ja ni ciki. Sunanta ba zai fito daga bakina ba, don har gobe ana bina kuɗin riga. Akwai manyan ma'aikatan sakateriya, akwai malaman jami'a daga Gidan Kwano, akwai 'yan kwangila, ga kuma Hajiyoyin da ke zuwa da ƙamshin da ke isa wuri kafin su iso. Da can zagayen cikin gari ake yi a watse. Ranar nan Shugaba ya ci karo da hoton wasu tsofaffin Turawan Ingila a Facebook, riƙe da sanduna suna bin gaɓar teku, iska na kaɗa musu furfura. Nan take ya yanke hukunci: mu ma ƙarshen makon nan a bakin teku za mu yi shi.

Malamin labarin ƙasa ya yi gyaran murya, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai dai mu nufi Legas." Gaskiyarsa. Jihar Neja ta fi kowace jiha a Najeriya faɗin ƙasa, sama da murabba'in kilomita dubu 76, amma ko taku ɗaya na teku Allah bai ba ta ba. Wani ya ce to ga Shiroro, ruwa ne iya ganinka tun 1990. Ɗaki ya yi tsit. Kowa ya tuna labaran da ke fitowa daga wancan yanki, kowa ya tuna yana da ƙananan yara. Aka ce Zungeru fa, ga sabuwar madatsa mai megawat 700? Ma'aji ya buga lissafin mai ya rufe littafi. A ƙarshe aka tsaya a kan Beji, bisa hujjar Shugaba cewa ai hanyar ruwan ce, kuma niyya aka fi dubawa.

Asabar da sassafe ayari ya ɗau hanya, ya ratsa Bosso, ya wuce Maikunkele da filin jirgi, kowa a motarsa, gilashi a rufe, sanyi na busawa. Man da muka ƙona don mu je mu yi tafiyar ƙafa ya isa ɗan acaɓa ya yi wata yana aiki. Wanda ya kawo shawarar a haɗu a bas ɗaya, kallon da aka yi masa ya sa bai ƙara magana ba har aka dawo.

Shiga kuwa ba a cewa komai. Takalmi na dubban nairori, sandar ƙarfe mai lanƙwasuwa, hular kare rana, sannan uwa uba agogo mai ƙirga taku. Addinin ƙungiyar kenan: taku dubu goma. Kowa ya ɗauka likitocin duniya ne suka taru suka yanke wannan adadi, alhali tallar wani kamfanin Japan ce, da ya fito da na'urar ƙirga taku a 1965 ya ga lambar ta yi daɗin faɗi. Wani Alhaji a cikinmu ya gano sirrin tun da wuri. Ya kwance agogon ya ɗaura wa yaron da aka ɗauka ya nuna mana hanya, ya ce, "Yaro, yi gaba ka duba mana hanya, ka dawo ka faɗa mini." Yaro ya sheƙa ya dawo, aka sake aikensa. Kafin azahar Alhaji ne na ɗaya a jadawali, gumi ko ɗigo bai yi ba.

Ba mu yi nisa ba wata dattijuwa 'yar Gbagyi ta cim mana, dakon itace a kafaɗa yadda matan ƙabilarta suka gada, silifas ɗinta ya sha ɗinki. Ta dube mu sama da ƙasa, da tausayi a fuskarta.

"Sannunku, bayin Allah. Mota ce ta lalace?"

"A'a Mama, motsa jiki muke yi."

Ta yi shiru tana juya maganar. "To, Allah ya ba ku lafiya," ta ce, ta wuce. Muna zaune gindin wata ɗorawa muna mayar da numfashi ta sake wuce mu, ta sauke na farko ta koma ɗauko na biyu. Wani manomi ma da ya ji abin da ya kawo mu, da zuciya ɗaya ya ce ga garma, ga sauran kunyoyin doya bai gama ba, in dai gumi ake nema kyauta zai ba mu. Sakatare ya ce wannan ba ya cikin tsarin ranar.

Abin da ke cikin tsari shi ne jimamin muhalli, kuma an tanadar masa lokaci. Mun iso wani fili, kututture ko'ina, hayaƙi na tsattsafowa daga wani tudun ƙasa da aka binne itace a ciki. Gawayi ake toyawa. Wani Dakta cikin malaman jami'ar ya cire tabarau, ya hau bayani, kuma in za a faɗi gaskiya bai yi ƙarya ba. Kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, gatari kuwa yini guda ya ishe shi. Da ita matan karkara ke samun man kaɗe na miya da na sayarwa, Neja kuma na sahun gaba wajen samar da shi a ƙasar nan. Ɗorawa ke ba mu daddawa. Ƙirya, saboda ƙarfin gawayinta, ita ake fara nema. In suka tafi, ruwan sama ya kwashe ƙasar noma ya bar kwazazzabo. Ya kawo batun taron tattalin arzikin kare muhalli da gwamnatin Umaru Bago ta shirya a Minna a 2023, wanda rabinmu suka halarta suka samo jaka. Hajiya ta share ƙwalla da gefen mayafi.

Mai gawayi na tsugune yana sauraro har aka kai aya. Shugaba ya juya gare shi ya ce, "Malam, ba ka tsoron Allah? Me za ka bar wa jikokinka?"

"Ranka ya daɗe, gidana da kara da ƙirare ake girki. Wannan duk naku ne. Minna da Abuja ake kai shi. Tun da gas ya yi tsada ban taɓa kwana da buhu ba."

Aka ce lokacin cin abinci ya yi.

Su Turawan da muke kwaikwayo, nasu tattakin da rigima ya faro. A 1932 ma'aikatan masana'antu daga Manchester da kewaye suka kutsa tsaunin Kinder Scout da gangan, don masu ƙasa sun hana talaka taka dajin da suka killace wa farautarsu. Aka ɗaure wasu daga cikinsu. A 1935 aka kafa ƙungiyar masu tattaki ta ƙasa, a 1949 majalisa ta yi dokar keɓe gandaye da buɗe hanyoyin karkara ga kowa. Wato talakawa ne suka tsaya wa masu fili a wuya. Mu namu an juya shi. Ana cikin tauna sakwara da miyar agushi ɗan kwangila ya miƙa hannu ya nuna wani kwari mai ciyawa shar, ya tambayi yaron nan, "Wancan na waye? Hekta nawa zai kai? Mai unguwa na gida?" Kafin a ɗauke kuloli mutum uku sun raba kwarin a baki, har an yi gardamar inda katanga za ta bi. Mai gawayi bishiya yake sarewa ɗaya bayan ɗaya. Mu buldoza muke da ita a waya.

An dasa bishiya, kada a ce ba a dasa ba. Ƙwaya ɗaya, hannaye sun fi ashirin a jikinta, aka yi ta sake ɗaukar hoto don Hajiya ta ce ta rufe ido. Ruwan da aka zuba mata na leda ne, ledojin kuma muka bar su nan tare da robobin lemo, don kada ta yi kaɗaici. Wata akuya na gefe tana jiran mu gama.

Lahadi rabin ƙungiya ba su fito ba. Wanda bai yi sallar asuba a zaune ba ya yi ta yana nishi, ƙamshin man zafi ya kori na turare. Shugaba, wanda jiya yake cewa Suleiman Hashimu da ya tako daga Legas zuwa Abuja a 2015 bai fi shi komai ba sai ƙuruciya, daga cikin mota ya jagoranci tattaki, gilashi a sauke, yana ba mu ƙwarin gwiwa. A bakin titi aka tsaya aka rubuta takardar bayan taro, mai kira ga hukuma da kakkausar murya ta haramta sare itatuwa, ta kuma hukunta duk mai hannu a cinikin gawayi, komai girmansa. Kowa ya sa hannu a kan but ɗin motar Ma'aji, wanda da ƙyar aka danne shi ya rufu, saboda buhu biyu ne a ciki ban da doya. An ce a Beji ya fi sauƙi da kusan rabi, kuma ai an riga an sare, barinsa asara ce. Motar da ba ta ɗauki buhu ba ɗaya ce, ita ma mai ita ya biya ne za a aiko masa.

Mai gawayin ya rako mu har titi, ya yi godiya ƙwarai da wa'azi. Ya roƙi Sakatare in za mu dawo a sanar da shi tun Laraba, don ya ƙara kayar da biyu kada kaya su gaza.