Ire-iren Masu Sayen Bod ɗin Kwamfuta

Bod shi ne babban allon da furosesa da RAM da katin hoto suke hawa a kansa, kuma cifset ɗin da ke jikinsa ne ke nuna matsayinsa. A gidan Intel, H610 na talaka ne, B760 na mai rufin asiri, Z790 na mai hannu da shuni. A gidan AMD akwai A520 da B550 ga soket ɗin AM4, sai A620 ga AM5. Haddace waɗannan ba wuya. Masu sayen ne ke buƙatar nazari.

Na farko shi ne Ba-ni-mai-araha. Tambayarsa ɗaya ce: "Wanne ya fi sauƙi?" In an ce masa H610 ramin RAM biyu kawai gare shi, sai ya ce ai shi ma hannunsa biyu ne. Idan aikin buga takardu ne da lissafin Excel, mutumin nan ya dace, ko da yake rowa ce ta kai shi ga gaskiya. Tsiyarsa tana farawa ranar da ya ɗora wa allon ƙaton furosesa. Sassan da ke ba furosesa wuta, waɗanda a ƙananan alluna sau da yawa ko ƙarfen sanyaya babu a kansu, sai su ɗauki zafi, injin ya rage gudu da kansa. A watan Afrilu abin ya fi muni. Daga nan sai shago, da rantsuwar an cuce shi.

Kishiyarsa shi ne Alhaji Saboda-gaba, wanda ke sayen Z790 don kwamfutar sakatarensa, wai kada a sake kashe kuɗi nan gaba. Gaban kuwa ta zo a 2024, lokacin da Intel ta sauya soket daga LGA 1700 zuwa LGA 1851, sababbin furosesoshi suka daina shiga allon Alhaji. Sakataren na nan yana buga takardar gayyatar ɗaurin aure.

Sai Ɗan Gudu, mai burin tura furosesa fiye da ƙa'idarsa. A Intel wannan na buƙatar abu biyu: furosesa mai harafin K da allo mai harafin Z. Ɗan Gudu kullum ɗaya yake saye. A AMD, B550 na ba da wannan dama, A520 ba ya bayarwa, kuma A520 ɗin yake ɗaukowa.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne Mai Baƙin Allo. Ya ga i5-12400F ya fi ɗan'uwansa araha, bai tambayi ma'anar F ba, alhali F na nufin furosesan ba ya fitar da hoto sai da katin hoto na daban. Zai soka wayar HDMI a bayan bod, fanka ta juya, fitila ta kama, hoto ko ƙyas. Zai zargi wayar, ya zargi masu wuta, ya zargi maƙiya, kafin wani yaron shago ya karanta masa kwalin. Irin wannan rami na nan tsakanin Ryzen 5 5600 da 5600G: mai G ne ke da hoto.

Mai Fitilu bai da dogon bayani. In dai allon na walƙiya ja da kore, an gama ciniki.

Jami'in sayayya na ofis kuwa gwani ne wajen haƙo H61 na 2011 ko H81 na 2013, na hannu, a goge shi a sa a sabon kwali, rasit kuma ya ce sabo fil. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da furosesoshin waɗannan alluna ba. Kafin a gano, an yi wa jami'in canjin wurin aiki.

Akwai kuma Malamin YouTube, da ke tsaye a shagon da ba nasa ba yana bayanin cewa B550 na da PCIe 4.0, A520 kuwa 3.0. Gaskiya ya faɗa, sai dai shi a wayarsa yake wasa.

Wanda ba kasafai ake gani ba shi ne mai shigowa ya faɗi furosesan da ke hannunsa da aikin da zai yi. Na ofis H610 ko A520 ya ishe shi, muddin furosesan na fitar da hoto. Na wasa ya ɗauki B550 ko B760, ragowar kuɗin ya zuba a katin hoto.